Daren da Kaka Ta Ba Wuta Baya

A ƙauyenmu na Kurfai, in an idar da isha, Kaka kan hura wutar kara a tsakar gida, mu jikoki mu kewaye ta, ta yi mana gatana. Kullum tana fuskantar wuta. Ran nan kuwa sai ta ba ta baya, fuskarta a duhu.

Innata ce a ɗaka tana naƙuda tun hantsi. Baba ya riga ya ɗaura wa jaki amalanke, in abin ya ƙi a nufi likita a Filinge.

"Ku matso, 'yan nema, ga ta nan tahe," in ji Kaka, tana dariya.

Wai kura ce ta je barka gidan akuya, haƙora duk a waje, ta ce a miƙo jariri ta sa mishi albarka. Akuya har ta ɗauko shi, tsohuwar tunkiya ta taka mata ƙafa: "Dubi idonta, sakarya. Murmushin gaskiya kunci yake turawa sama har gefen ido ya tattare. Na ƙarya a leɓe yake tsayawa."

Ana haka Gwaggo ta fito ɗibar ruwan zafi. Na tare ta.

"Gwaggo, jikin Inna fa?"

"Da sauƙi," ta ce, da murmushi.

Mu ko mutum na bakin kabari, da sauƙi za a ce maka. Na dubi idonta. Ko motsi babu.

"Kaka, Gwaggo kura ce!"

"Zamna, marar kunya, ban ƙare ba."

Ta yi ta jan gatanar, kura ta tafi ta dawo, ta sake dawowa, har kara ya kusa ƙarewa. Jariri ya tsala kuka. Ba wanda ya motsa, don kukan ɗa ba ya faɗin halin uwa. Can ungozoma ta leƙo, mayafi ya rufe mata baki. Idanunta sun tsuke, gefensu duk ya tattare. Ban jira ta yi magana ba, na ruga ɗaka. Baba ya kwance jaki.

Har yau ƙawayena na faɗa wai ina ƙura wa mutane ido kamar jandarma mai binciken ɓarawo. Su ta shafa. Amma sai da na girma na gane abin da ya sa Kaka ta ba wuta baya. Ɗiyarta ce a ɗakin nan. Dariya take mana, kuma ita da bakinta ta koya mana duba ido.