Baƙon Da Ya Zo Karɓar Irin Kaura

Washegarin ruwan farko ne, ranar kasuwar Yankara, 'yan shekaru kafin Turawa su tattara su tafi. Ina tsakar gida ina sussukar gero, ƙasa na ta ƙamshi, sai muka ji sallamar namiji a zaure. Baba ya kwana biyu a Mairuwa wurin gaisuwar rasuwa. Gidan namu na bayan Tafoki babu kowa sai Inna, da mu yara, da kakata Gwaggo Delu, wadda ta haifi Baba. Ita ta yafa zane ta fita, ni kuma na bi ta da ƙwaryar ruwa.

Mutumin dogo ne, ga fara'a, ya san sunan Baba, ya san har wurin da gonarmu take. Ya ce Baba ne ya aiko shi a ba shi damin irin dawa kaura ɗaya. Irin nan kuwa zangarniya zangarniya Baba ya zaɓe shi tun da kaka, ya ɗaure dami biyu ya rataye cikin rumbu. In ya fita, bana sai dai mu shuka abin da maƙwabta suka rage.

Gwaggo ba ta ce a'a ba. Ta tambaye shi hanya, ta tambayi ruwa can wajensu, sannan ta ce, "Ɗan nan, kunne ya tsufa. Sake hwaɗa mani." Ni dai na san ƙarar faɗuwar allura ba ta wuce kunnen nan. Ya maimaita, amma wannan karon ya ƙara da cewa Baba na cikin sauri. Ta sa na kawo fura, ta bar shi ya sha ya gyara zama, ta kuma nemi ya sake. A na uku dami ya koma biyu, har da rantsuwar da ba wanda ya nema. Gwaggo ta ce to madalla, ya huta, za ta tura a tambayo Baba, ai Mairuwa ba Makka ba ce. Ya ɗauki buta ya zaga baya. Butar muka tarar a gindin kuka.

Da muka koma ciki ta kama kunnena ta ce in jera mata maganarshi ta farko, ta biyu, ta uku. Da na cakuɗa su wuri guda sai ta murɗe kunnen. "Saƙon gaskiya yadda ya taso haka yake isowa," in ji ta. Tun daga ranar ba a aike ni ko gidan maƙwabta ba sai na maimaita a gabanta, in na dawo kuma in rarrabe abin da na gani da abin da aka gaya mani.

Baba ya dawo ya ce bai aiki kowa ba, amma ya tuna ya zauna da wani dogo a inuwa yana yaba irinshi, har da inda ya rataye shi. Gwaggo ta dube shi, da gemunshi da komai, ta ce, "Rumbu ka yi wa murfi, ka bar bakinka a buɗe."

Ban taɓa shiga aji ba, karatuna ke nan. Yanzu jikokina magana na shigowa waya, kafin su kai ƙarshenta sun tura wa mutum goma, in na tambayi wa ya gani su ce Hajiya ta cika zargi. Nakan tuna zauren nan. A da, magana ma sai ta zauna ta sha ruwa kafin a yarda da ita.