Karen da Ya Ƙi Tsiren Jibo

Jibo mai tsire ba ya yarda da kowa. Duk shekarun da na yi ina faci kusa da tukubarsa a bakin tashar Tsafe, ban taɓa ganin ya juya wa nama baya ba, ko da limamin unguwa ne tsaye a wurin. Fawa gadon gidansu ce, kuma abin tinƙahonsa ɗaya ne a duniya: ba ya gasa naman da bai ga yankansa da idonsa ba. In ka yabi tsirensa sai ya ƙura maka ido, yana neman abin da kake nufi.

A bazarar 1998, lokacin da wahalar fetur ta sa motoci ke yini a tasha, wani baƙin kare mai yankakken kunne da laya a wuya ya zo ya kwanta a gindin tukubar. Jibo ya kore shi, ya dawo. Ya jefe shi, ya dawo. Da ya gaji sai ya wurga masa guntun nama don ya ɗauka ya ba shi wuri. Karen ya sansana, ya kau da kai.

A gaban fasinjoji aka yi wannan, mutanen tasha kuwa ba su da aiki sai baki. Kafin magariba magana ta zagaye: naman Jibo ko kare ba ya ci. Wasu suka ce mushe ne, wasu suka ce jaki. Wani direba marar mutunci ma cewa ya yi ai kare ba ya cin ɗan'uwansa. Tsire ya riƙa bushewa a bakin wuta ba mai tayawa.

"Turo shi anka yi," in ji Jibo. "Dubi layagga. Wani na son shi tashe ni wuringa."

Ya zargi mai balangun tsallaken titi, ya zargi surukinsa, har ni sai da ya tambaye ni inda nake ranar da karen ya zo. Na ji haushi ƙwarai, na daina yi masa magana. Amma fa shi ke zuba wa karen ruwa a wani tsohon kwano, don ruwa kaɗai yake sha, haƙarƙarinsa kuma sai fitowa yake yi. Jibo ya san in karen nan ya mutu a gindin tukubarsa, sunansa ya mutu ke nan.

Saude mai fura ce ta ce irin wannan yankan kunne na mafarautan Kwatarkwashi ne. Jibo bai yarda da ita ba, amma dai ya ba direbobin Gusau sallahu su yi cigiyar mai karen in sun bi ta can.

Ana nan sai ga wani tsoho ya sauko daga mota yana ɗingishi, ya ce sunansa Lawwali. Farauta suka fito dajin Tsafe, ya gurɗe a ƙafa, aka kai shi gida a mota, karen ya ɓace a baya. Karen ya miƙe da ƙyar yana kaɗa wutsiya, amma Jibo ya sha gaban tsohon.

"Kowa na iya cewa nashi na. In naka na, Baba, sa shi shi ci."

Jama'a suka taru. Jibo ya miƙa wa tsohon tsinken tsire, har ya ba ni tausayi. In karen ya sake ƙi a gaban wannan taro, sai dai ya bar garin.

Tsohon ya karɓa, ya yi bisimilla, ya gutsura, ya tauna a hankali. Sannan ya zare ragowar ya miƙa. Karen ya lamushe, ya ɗaga kai yana neman ƙari.

"Tun yana kwikwiyo na hore shi hakanga," in ji Baba Lawwali. "Cikin daji ana aje nama da guba don kuraye. Ba ya cin komi sai wanda ya ga na gutsura. Da ban zo ba, da yunwa ta kashe shi gaban namanga."

Jibo ya kwaso duk tsiren da ke bakin wuta ya zube a gaban tsohon.

"Yi ta gutsura, Baba," ya ce.

Sannan ya juya wa naman baya, ya fuskanci bango, yana share fuska da hularsa.