Ranar da Aka Mayar da Orval Tackett Akawu

A garinmu Healdton, in kana neman faɗa ba tare da ka zagi iyayen kowa ba, ka kira ma'aikacin rijiyar mai da sunan akawu. Orval Tackett ya yi shekara shida yana cin albashin akawu, amma ba wanda ya taɓa gaya masa haka ido da ido sai matarsa Lurleen, ita ma sai ta tabbatar ya ƙoshi tukuna.

Yana ɗan shekara goma sha bakwai ya fara hawan hasumiyar haƙa, bayan ya ƙara wa kansa shekara guda a takarda. Aikin da ubansa ya yi ke nan, kakansa ma haka. Shekara talatin da huɗu yana bin rijiyoyi daga kudancin Oklahoma har cikin Texas, a ciro bututu, a mayar da bututu, rana ta gasa shi, sanyi ya tsattsaga masa leɓe. Wata Talata da hantsi sarƙa ta kama safar hannunsa ta dama, ta tafi da safar da abin da ke cikinta. Inshorar ma'aikata ta biya asibiti, ta kuma ba shi diyya daidai da jadawalinsu, wanda kowace gaɓa ta jikin mutum da farashinta a ciki. Orval ya karanta jadawalin nan tsaf a gadon asibiti, ya ce da ya san babban yatsa ya fi ɗan ƙarami tsada haka, da ya fi girmama shi tun da wuri. Kuɗin suka tafi a sabon rufin gida.

Dewey Haskell ne ya ɗauke shi bayan ya warke. Dewey yana da ɗan kamfanin gyaran rijiyoyi, manyan motoci biyu masu ɗauke da hasumiya da ma'aikata goma sha ɗaya, kuma a hannun Orval ya koyi aikin tun yana matashi. Ya ajiye masa teburi a kusurwar gareji, da waya, da tarin takardun aiki. A takardar inshora ya sa shi a rukunin akawuna.

Duk mai kamfani a nan ya san rukunan nan fiye da yadda ya san ranar haihuwar 'ya'yansa. Kamfanin inshora bai damu da sunanka ba, abin da yake son sani shi ne me zai iya kashe ka a wurin aiki. Masu haƙa sabuwar rijiya rukuninsu daban, masu gyaran tsohuwa daban, masu zagayen duba famfuna daban, direbobin tanka daban. Akawu yana can ƙasa, tunda mafi munin abin da zai same shi bai wuce takarda ta yanke shi ba. A kan kowace dala ɗari ta albashin mai gyaran rijiya, Dewey yana biyan wajen dala goma sha ɗaya. Na akawu ko rabin dala bai kai ba. A cikin wannan ratar Orval ya samu wurin zama.

Kuma yana buƙatar wurin. Lurleen tana da ciwon sukari, ya fara taɓa mata ƙoda, inshorar asibitinsu kuwa a jikin aikin nan take. Sa'annin juna ne, saura shekara takwas kafin su kai shekarun da gwamnati za ta ɗauke musu nauyin. Mai shekara hamsin da bakwai da hannu ɗaya, in ya bar wurin Dewey, ba layin masu nemansa zai tarar a waje ba.

Shekarar da farashin mai ya faɗi warwas, Dewey ya ajiye mota ɗaya, ya koma wani kamfanin inshora mai sauƙin kuɗi. Na da ta wasiƙa suke bincikensu, ka cika ka aika. Waɗannan sai suka ce a ƙarshen shekara mutum za su turo. Nan ne Dewey ya sa tabarau ya karanta ƙa'idar rukunin akawuna a karon farko a rayuwarsa, ya tarar da sharaɗi biyu. Dole a samu bango ko wani shamaki tsakanin akawu da wurin aikin ƙarfi. Sannan aikinsa ya zama na ofis kaɗai.

Bango abu ne mai sauƙi. Asabar da Lahadi suka kafa shi da falanki, Dewey yana buga guduma, Orval yana riƙe da ƙusoshi a baki yana gaya masa ta gefen leɓe cewa ya karkace. Suka shafa farin fenti. Sharaɗi na biyu kuwa, Dewey ya zaunar da shi ya yi masa bita kamar mai shirin shiga kotu.

"Tsoho, kalma uku kawai nake so daga bakinka. Waya, takarda, kwamfuta. In an tambaye ka sunan matarka ma, ka ce kwamfuta."

Orval ya ce ai shi ba yaro ba ne.

Ranar Laraba mai binciken ta zo a wata ƙaramar mota da jar ƙasar hanya ta rufe mata lamba. Renata Culpepper sunanta, mace mai kimanin shekara arba'in, da jaka cike da takardu da fuskar wadda ta riga ta shiga gareji uku tun safe. Ta shigo ɗakin, ta shaƙi iska, ta ɗan taɓa bangon da yatsa, ta dubi yatsan. Dewey ya shiga ba ta labarin yadda suke son tsabta a kamfaninsu. Ta goge yatsan da hankici, ta ce ƙa'idar dai bango ta ce, ba ta ce sai tsohon bango ba. Dewey ya saki ajiyar zuciya har takardun teburin suka motsa.

Awa biyu tana bin littafin albashi, tana jera kowa a rukuninsa. Direban da ke taimakawa a bakin rijiya ta ɗauke shi daga rukunin direbobi, Dewey ya yi ɗan ƙorafi ya haƙura. Da rana ta yi tsaka ta juyo ga Orval, ta tambaye shi yadda yake yininsa. Ya ce waya, takarda, kwamfuta. Ya faɗa da kyau, har da ɗan tsayawa tsakaninsu kamar mai tunowa. Idonta ya sauka kan hannun rigarsa da aka naɗe da fil, ta ce mahaifinta ma a kan hasumiya ya bar ƙafarsa, a wajen garin Duncan. Orval ya tambayi wane kamfani, ashe ya san shugaban ayarinsu, suka haɗu suka zage shi tare. Hira ta yi daɗi. Ta tambayi wa ke duba igiyoyin ƙarfe kafin mota ta fita, Dewey ya yi wuf ya ce Boyd Ratliff ne, shugaban ma'aikata.

Da an tsaya nan, da an rabu lafiya. Sai dai al'adarta ce ta karanta wa mutum abin da ta rubuta kafin ya sa hannu. Lokacin kuma ya yi daidai da cin abincin rana, ma'aikata sun zazzauna a kan durom a bayan falankin nan da kaurinsa bai kai yatsa ba. Ta karanta a fili: Mista Tackett akawu ne kaɗai, ba ya shiga filin aiki, ba ya taɓa kayan aiki, ba shi da hannu a abin da ake yi a rijiya.

Daga bayan bangon wani ya ƙyalƙyale, ba da ƙarfi ba ma. Wani kuma ya ce, ƙasa-ƙasa, "Barka da aiki, akawu."

Orval ya dubi alƙalamin da ta miƙo masa. Dewey yana ta yi masa ido kamar wanda barkono ya shiga.

"Madam," in ji Orval, "gyara wurin nan. Shekara shida ba igiyar da ta fita daga filin nan ban shafa ta da hannun nan ba. Boyd yaron kirki ne, amma igiya sai ta tsinke yake sanin ta tsufa."

Renata ta ajiye alƙalamin a hankali. "Baba, kana nufin a da can, kafin ka dawo ofis?"

"Jiya ma na duba."

Ta ba shi lokaci ko zai gyara maganar. Shi kuwa da ya ga an yi tsit ana sauraronsa, har da na bayan bango, sai ya ƙara da cewa in bututu ya maƙale a rijiya shi ake zuwa a ɗauka, sau biyu ko uku a wata, don a kaf gundumar nan ba wanda ke gane inda ya maƙale daga yadda igiya ke rawa sai shi. Gaskiya ce kuwa, kowa ya sani. Ya gama, ya jingina da kujera, a lokacin ne ya kalli fuskar Dewey.

Renata ta ce abin da kunnenta ya ji ba za ta rubuta cewa bai ji ba. Dewey ya roƙa a raba, a sa kashi tara na albashin a ofis, kashi ɗaya a fili. Ta ce rukunin akawuna ba a raba shi, awa ɗaya a bakin rijiya tana kwashe albashin shekara ɗungurungum zuwa rukunin masu gyara. Kalmar kaɗai ɗin nan, in ji ta, ba ado aka sa ta yi ba. Na bara ya riga ya wuce, za a aiko da ƙarin kuɗi. Na gaba kuwa, in ana son ya zauna a rukunin akawuna, sai ya zama akawu da gaske, kuma za ta dawo ba tare da sanarwa ba. Da za ta fita ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce wa Orval mahaifinta ma da haka zai yi. Bai gane ko yabo ba ne ko jaje.

Ƙarin ya zo dala dubu huɗu da ɗoriya. Dewey ya sayar da tsohuwar a-kori-kurarsa ya biya, bai yi wa Orval gori ba ko sau ɗaya. Sai ranar Juma'a da yamma ya same shi a ɗakin falankin, ya tsaya yana murza hularsa. Ya ce mota ɗaya ke aiki, ba zai iya ɗaukar wannan kowace shekara ba. Orval ya ce to a bar shi a rukunin masu gyaran mana, ai nan ne gidansu.

"Tsoho, a farashin nan mai hannu biyu zan ɗauka."

Yana faɗa ya so ya mayar da maganar, amma ta riga ta fita. Ya ajiye wata takarda a kan teburin, wadda ta ce Orval ba zai ƙara taka gareji ko fili ko bakin rijiya ba a lokacin aiki. Ya ce ya tafi da ita gida ya yi tunani zuwa Litinin.

Lurleen ta riga ta ji labari, don matar Boyd ba ta riƙe magana. Ta zuba masa wake da burodin masara da soyayyiyar kuɓewa, ta zauna tana kallonsa yana ci. Yana jira ta yi faɗa, don ya tanadi amsoshi tun a hanya, masu kyau kuwa. Ba ta yi ba. Da ya gama ta kwashe kwanukan, ta ce ranar Alhamis likitan ƙoda zai gan ta, sun kuma ce ta zo da katin inshora don za su sake dubawa. Ta tambaye shi ko yana son ƙarin shayi.

Litinin da safe ya sa hannu, da hagu, rubutun kamar sawun kaza. Ya ce wa Dewey shi zai toshe ƙofar da ke shiga gareji da kansa, Dewey ya ce ai wannan ma aikin ƙarfi ne, dole a kira kafinta. Aka toshe ta, aka fasa wata ta bakin titi, aka bar masa 'yar taga mai gilashi da ke kallon fili. Ma'aikatan suka daina tsokanarsa gaba ɗaya. In sun haɗu da shi a wurin ajiye motoci sai su gaishe shi da ladabi, su ce Mista Tackett, abin da ba su taɓa yi ba. Wannan ya fi masa ciwo.

Sati uku bayan nan, da safe, ana lodin bututu a babbar mota. Orval yana tsaye a taga da kofi. Ya ga ƙugiyar da ke ɗaga kayan ta ɗan buɗe baki fiye da yadda ya kamata, kaɗan dai, irin wanda sai ido ya saba yake gani. Ya ƙwanƙwasa gilashin, ƙarar injin ta shanye. Ya ƙara da ƙarfi, ba wanda ya waiwayo. Ya dubi ƙofar titi. In ya fita ya zagaya ta bayan gini, minti ɗaya zai kai shi wurin, a gaban mutum goma sha ɗaya.

Ya ajiye kofin, ya ɗauki waya ya kira Boyd, wanda ke tsaye taku ashirin daga gare shi. Yana kallo Boyd ya zaro wayar daga aljihu, ya ga lambar ofis ce, ya mayar da ita ya ci gaba da yi wa mai injin alama da hannu. Orval bai ga laifinsa ba, shi ma haka yake yi wa kiran ofis a zamaninsa. Ya jira wayar ta gama ƙara, ya bar saƙo, ya faɗi sunansa, ya ce a duba ƙugiya in an samu sarari. Bututun suka tashi sama suna lilo, suka sauka a bayan motar, aka sake sauko da ƙugiyar don ɗaukar na gaba. Orval ya zauna, ya jawo takarda, ya rubuta ƙarfe nawa ya kira.