Kunyar Suruki da Maganin Malam

Shekarun baya, muna zaune a Gyaɗi-Gyaɗi, ciwon sukarin maigidana Malam ya tashi, aka kwashe shi ranga-ranga sai asibiti. Da za a sallamo shi, mijin 'yata ta fari ne likita ya yi wa bayani, tunda shi ya kai shi.

To, mijin 'yar fari fa! Tunda ya auri yarinyar nan ban taɓa haɗa ido da shi ba. Ya durƙusa a bakin ƙofa, "Inna, ga magani." Daga bayan labule na ce, "Allah ya yi albarka." Ya ajiye leda ya koma Tarauni. Shi kunya, ni kunya.

Ni da nake ba Malam magani tun kafin yaron nan ya tsiro gemu, me zan tambaya? Na haɗa sabon da tsohon da ke gwangwani, safe da yamma.

Ran nan da hantsi na tarar da Malam a tabarma, gumi sharkaf, hannu na rawa, yana kirana da sunan yayarsa da ta rasu. Na kurma salati. Maƙwabciyata, nas ce 'yar Kudu, ta faɗo da ɗaurin ƙirji, ta soki yatsansa da ɗan injinta na gwada sukari.

"Mama, kawo sukari! Maza!"

"Sukari? Ke, kashe min shi za ki yi?"

Ko kallona ba ta yi ba. Ta dama a kofi ta ba shi yana kurɓa. Wallahi can sai Malam ya dube ni ya ce, "Wa ya rasu kike ihu haka?"

Ta zazzage gwangwanin, ta riƙe baki. Da ta buga wa surukina waya muka ji: ashe sabon madadin tsohon ne, an ce a daina tsohon, a dawo ganin likita bayan mako. Haɗa biyun da na yi ne ya sa sukarin Malam ya yi ƙasa sosai. Shi kuma ya ɗauka Malam ya ji. Malam da ranar ko inda yake bai sani ba!

Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Kaf asibitin nan ba wanda ya tambayi wa ke ba shi ƙwaya a gida.

Da muka dawo daga wajen likita na sa aka kira min surukin. Na fito tsakar gida na zauna a gabansa, yana sunkuye kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Na ce, "Ɗago, ɗan nan. Faɗa min abin da aka gaya maka, tun daga farko."