Gwaggo Tasalla da Ciwon da Ke Bin Gidanmu

Duk wanda ya san unguwarmu a Dandume ya san Gwaggo Tasalla. Da ta idar da sallar asuba sai ta hura wuta ta dama koko, ta zauna a bakin zaure tana sallamar masu tafiya gona. Amma ba da koko aka fi saninta ba. In mace ta rasu a unguwar nan ko a ƙauyukan kewaye, ita ake aika wa. Sai ta rufe kokon, ko ya ƙare ko bai ƙare ba, ta ɗauki sabulu da ganyen magarya da turare, ta yafa mayafi ta hau bayan babur. Tun ina yaro take wankan gawa, ga shi yau furfura ta fito mini a gemu. Ba ta karɓar komai a hannun masu makoki, kuma ba a taɓa jin ta faɗi abin da ta gani a jikin mamaciya ba.

A bana ta ajiye aikin. Gwiwoyinta sun ƙi durƙuso, hannunta na dama ya fara rawa. Ba a yi mata taro ba, ba wanda ya miƙa mata takardar yabo. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, domin gidanmu ya ga abin da ta yi, kuma 'yan'uwana sun yarda in faɗa.

Ita ta wanke kakarmu ta wajen uwa. Ita ta wanke Inna, mahaifiyarmu. Da ƙanwar Inna ta rasu, ita aka sake kira. Mu maza abin da muka sani kawai, sun yi jinya, sun rame, Allah Ya karɓi abinSa. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce iska. Ashe ciwo ɗaya ne ya ci su duka, ciwon daji a nono, kowacce ta ɓoye shi ƙarƙashin zane saboda kunya har ya fashe. Mutum ɗaya ce ta ga ukun da idonta.

Bayan an share makokin ƙanwar Inna, Gwaggo ta shiga gidan yayata Fiddausi da la'asar. Fiddausi ce ta ba ni labarin. Ta ce Gwaggo ta daɗe zaune tana jan carbi, ko ruwan da aka kawo mata ba ta sha ba. Can ta nisa ta ce:

"Fiddausi, abin da mai wanka ta gani amana ce, da shi ake binne ta. Na je wajen Malam na yi tambaya, ban kama suna ba. Ya ce in faɗarsa za ta tsare rai, in faɗa wa mai haƙƙi kaɗai. To ke ce mai haƙƙin. Abin da ya ci kakarki shi ya ci uwarki, shi ya ci ƙanwarta. Ki gaya mini gaskiya, kina jin wani abu a ƙirjinki?"

Fiddausi ta kasa ɓoye mata. Tun damina take jin wani ƙullutu kamar ƙwallon dabino. Ko mijinta bai sani ba.

"Gwaggo, in ajali ne ai babu makawa."

"Ajali na Allah ne, 'yar nan. Amma ni na gaji da shigowa gidanku da magarya. Ki gaya wa mijinki, gobe Funtua za mu."

A Funtua suka sami Sista Iyabo, ma'aikaciyar jinya, Bayarabiya haifaffiyar garin, wadda Hausa ta fi Yarabanci zama a bakinta. Ta duba Fiddausi, ta tura su Zariya ba tare da ɓata lokaci ba. A can na same su. Aka yanki ɗan nama a jikin ƙullutun aka gwada, aka tabbatar daji ne. Sai likitar da ke duba ta ta tambaya ko akwai wadda ta taɓa irin wannan ciwo a danginmu, da kuma shekarunta lokacin da ya kama ta. Mutum ɗaya ce a cikinmu ta san cikakkiyar amsar. Gwaggo ta juyo ta dube ni.

"Mansur, kai ne babban namiji a ɗakinku. Uwarku ce. Sai kun ba ni izini zan buɗe baki."

Na ce, "Gwaggo, faɗi."

Ta faɗa a hankali, kanta a ƙasa: wace ce, wane gefe, da yadda dukansu suka tafi kafin furfura ta kama kansu. Likita ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta yi mana bayani. Ta ce akwai irin wannan ciwon da ake gado. Kowane mutum yana ɗauke da wani tsari a cikin ƙwayoyin halittarsa, rabi daga uwa, rabi daga uba, kuma yanzu akwai na'urar da ke karanta shi dalla-dalla. Za su aika jinin Fiddausi da naman da aka yanka zuwa Legas. In an ga inda matsalar take, za su san irin aikin da ya dace da ita da maganin da zai fi ci, su kuma san ko mu ma sai an duba mu.

Da sakamakon ya dawo, aka samu na gado ne. Maimakon a cire ƙullutun kaɗai kamar yadda aka fara tunani, sai aka ba Fiddausi shawarar a cire nonon gaba ɗaya, aka zaɓa mata maganin da ya fi dacewa da irin nata, ɗaya gefen kuma aka sa masa ido. Ta sha wuya. Gashinta ya zube, abinci ya ƙi zama a cikinta. Gwaggo ta shimfiɗa tabarma a barandar asibiti, tana dama mata kunun tsamiya, tana ba ta da cokali kamar jinjira.

Saura mu. Ƙanwarmu Aisha Humaira ta ce ita ba za a gwada ta ba. Tana da 'ya'ya mata, in gari ya ji wa zai aure su? Gwaggo ta ce mata, "Wa zai faɗa? Ni? Ki zaga garin nan ki tambaya ko an taɓa jin asirin gawa a bakina, balle na mai rai." Aisha Humaira ta je, aka samu ba ta gada ba. Ni ne, namijin, na ɗauko. Likita ta ce namiji ma yana ɗauka, kuma yana iya ba 'ya'yansa. In 'ya'yana mata sun girma za a gwada su, a riƙa duba su da wuri. Na san abin da faɗin wannan a fili zai iya jawo mana. Ni da mahaifiyarsu mun zauna mun auna, muka ga ɓoyo ne ya kai mata uku kabari a gidanmu.

Gwaggo, ke ce kika san lokacin yin shiru, kika kuma san lokacin da shirun zai zama cuta. Ke ce ba ki taɓa shiga aji ba, amma kika kama hannun mace kika kai ta inda za a karanta jininta. Sista Iyabo ta ce tun daga lokacin mata ke zuwa daga Dandume, in an tambaye su sai su ce, "Gwaggo ce ta aiko ni." Ba duka aka ceto ba. Akwai wadda ta je a makare, kuma ke kika wanke ta, kina hawaye.

Ina roƙon masu wankan gawa da unguwarzoma da duk wadda mata ke buɗe wa jikinsu, su yi koyi da ita. Mu maza kuma mu riƙa tambayar me ya kashe iyayenmu mata, kada mu tsaya a kan "ta yi jinya".

Makon jiya na je gaishe ta. Na tarar da Fiddausi zaune a gabanta, gashinta ya tofo, jikinta ya dawo. Ita ce yanzu ake aika wa in an yi rasuwa, Gwaggo ce ta koya mata. Na ce na zo godiya. Gwaggo ta kaɗa hannun nan mai rawa ta ce:

"Bar godiyar nan, Mansur. Ka dai riƙa tuna wa yayarka ranar komawa asibiti. Ita za ta wanke ni. Kada ta kuskura ta riga ni."

Fiddausi ta yi dariya, sannan ta rufe fuska da mayafi.

Ba zan bar godiyar ba, Gwaggo. Mun gode. Allah Ya suturta ki kamar yadda kika suturta iyayenmu.