Abawar da Na Ba Maigidana

Assalamu alaikum. Ni ban yi boko ba, ban iya rubutu ba, wata maƙwabciyata ce ke riƙe da alƙalami ina faɗa mata. Idan maganar ta yi tsalle ku yi haƙuri, tsufa ne da kuka.

A shekarun da aka sauya kuɗi zuwa naira, ina matar aure a wani ƙauye bakin kogi, can ƙasar Ajingi, da 'ya'ya huɗu. An san ni da kaɗi. Zarena siriri ne mai murɗi, masaƙa har daga Toranke suke aiko da neman sa. Maigidana manomi ne, amma da damina idan kogi ya cika fito yake yi. Ya sayar da shanun nomansa ya sayo tsohon inji a Kano, ya ɗaura wa jirginsa, yana ƙetarar da masu zuwa kasuwar Gaya.

Injin nan da ruwan kogi yake shan iska. Yana zuƙo ruwan ya zagaya cikinsa, ya fita ta salansa da zafinsa. A wurin fitar akwai wani ɗan bututun tagulla da ake murɗawa kamar noti, to haƙoransa sun cinye, ba ya kamawa. An nemi sabo a Kano ba a samu ba. Sai maigida ya gano dabara: ya naɗe haƙoran da zarena, ya shafa giris, ya murɗa, sai ya kama gam, ko ɗigo babu. Duk mako biyu yake sabuntawa. Ya riƙa yi wa mutane alfahari a bakin fito, wai ƙarfen Bature ma sai da zaren matarsa yake tafiya. Mata suna tsokanata a rijiya, suna ce mini direba. Ina nuna kamar ban so, alhali daɗi nake ji.

A tsakiyar wata damina karkare ya fito mini a babban yatsa. Na kasa murza mazari. Zaren da ya rage mini abawa ce kawai, wato mai kauri marar murɗi, wadda hannu ma ke tsinkawa. Ran jajibirin kasuwa ya ce in ba shi zare. Da na ce masa babu, da ya tura gidan ƙanwarsa an kawo, magana ta ƙare. Amma na ji nauyin a ce zaren wata ne a jirgin mijina. Sai na yi abin da masaƙa ke yi: na tsoma abawar a ruwan ƙullu, na ja ta, na shanya. Da ta bushe ta yi tauri kamar tsarkiya. Ya karɓa ya ja ta tsakanin hannuwansa, ya ce ko da ciwo hannuna ya fi na masu lafiya. Na sunkuyar da kai. Ni da nake dama koko kullum, na san abin da ruwan zafi ke yi wa ƙullu. Na sani, na yi shiru.

Washegari da hantsi ya ɗauki mutane da buhuna. Waɗanda ke ciki sun ce a tsakiyar kogi bututun ya fincike, ruwan zafi ya yi ta feshi cikin jirgi, injin ya yi hayaƙi ya mutu. Igiyar ruwa ta kwashe su, gorar tuƙa jirgi ba ta taɓa ƙasa. Maigida ya ɗaura igiya a ƙugu ya faɗa ruwa, ya yi iyo har ya kama wata bishiyar giyayya ya ɗaure. Jirgin ya juyo ya matse shi da itacen. Ba wanda ya rasa ransa a ranar, ko akuya. Shi kuwa a kan ƙyaure aka kawo mini shi.

Wata uku yana kwance yana tarin jini. Masu dubiya suna zagin injin, shi kuma yana cewa su bar laifin ƙarfe, hannunsa ne ya tsufa bai murɗa da kyau ba. Wata rana ina ba shi kunu ya riƙe yatsan nan nawa, lokacin ya warke, ya ce in ajiye masa zare mai kyau, da ya tashi zai gyara. Na buɗe baki, sai na ce to. Bai ga shigar dawa rumbu ba.

Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare, malamai sun gaya mini. Amma ajali daban, amana daban. Tun ranar ban sake taɓa mazari ba, mutane suna zaton takaba ce ta zarce. 'Ya'yana ma sai a wannan takarda za su ji. Na gaji da ɗaukar abin ni kaɗai.

Ku da ke da sauran lokaci, idan an tambaye ku abin da ba ku da shi, ku ce babu. Kunyarta ta yini ɗaya ce. Kada a ba mutum abin da zai dogara da shi alhali an san ba zai riƙe ba. Shi ya tafi yana yabon zarena, ni kuma ban sami bakin neman gafararsa ba. Ku sa shi a addu'a, idan da saura ku sa ni.