Saƙon Inna Hajjo

Da safen ranar ina zaune kan turmi a rugar su Buba, ina shan fura da nono, uwarshi Inna Hajjo tana yi mini dariya. Ta ce bakina na 'yan Konni ne, ko shekara goma zan yi ba ya gyaruwa. Kaɗo take ce mini, wato Bahaushe.

Lokacin ina tsare shagon kawuna na maganin dabbobi a Konni. Rabin masu sayayya Fulani ne. Sai su juya harshe gabana, ni ina tsaye kamar gunki. Shi ya sa na ɗaura niyyar koyon Fulatanci da kaina. Lakwal, makarantar boko, ban yi nisa ba, rubutu bai dame ni ba. Dabarata guda ce: duk kalmar da na ji, sai in aje ta wani wuri a layinmu, cikin kaina. Nagge, wato saniya, na ɗaure ta ga teburin mai shayi. Ndiyam, ruwa, yana bakin famfo. In ina son kalma sai in bi layin in ɗauko ta. Buba mai sayen magani ne wurinmu. Ya ce in da gaske nake, in zo rugarsu tsakanin Dogarawa da Illela in kwana biyu, Inna ba za ta yi mini Hausa ba ko ɗaya.

Lokacin kaka ne. Ba a saki gonaki ba tukuna, shanu ba su da izinin shiga kara. Ana gobe abin zai faru munka ji wasu baƙin makiyaya masu wucewa sun shiga gonar wake, an yi faɗa, an sare manomi. Ba 'yan rugar nan ba ne. Buba ya ce kowa ya san 'yan rugarsu a yankin, babu abin tsoro, ya kora bijimi kasuwar Illela tun asuba. Samari sunka fita da garke. Ruga ta rage tsofaffi da mata, da Dije matar Buba, mai jego, ko suna ba a yi ba.

Hantsi ya ɗaga, karnuka sunka fara haushi ta gabas. Sai kuwwa. Sai bindigar toka ta tashi.

Inna ta yar da ƙwarya ta faɗa bukkar Dije. Wata mata ta ƙwala ihu, "Doggee!" Ku gudu ke nan. Wagga na san ta. 

Manoma sunka fito daga cikin kara da adduna da gatura da kwari da baka. Bappa Sambo, wan uban Buba, ya tare su da hannuwa sama. Yana yi musu sallama da Hausa, har yana kiran sunan ɗaya daga cikinsu. Sara guda anka yi mishi a wuya. Bukka ta farko ta kama wuta, iska ta kai ta ta biyu. Maruƙa na ɗaure a dangwali, suna kuka, suna fizgar igiya.

Ban ga wanda ya buge ni ba. Na dai tsinci kaina ƙasa, hannuna na hagu a tsage, wani tsaye kaina da adda.

"Wanga ba nasu ba ne, dubi wandonshi! Kai, tashi ka ɓace!"

"Ina matan? Ku duba bukkoki!"

Na ja jiki ta bayan bukkar Dije. Babu kowa ciki. Inna tana kwance gindin zana, zanenta jiƙe da jini. Ta damƙe mini ƙafa. Mutanen suna dab da mu, da ta yi Hausa da sun ji. Fulatanci ta yi mini, a hankali, yadda take yi in tana koya mini. Sau biyu ta faɗa. Na gane Buba, na gane Dije, na gane jariri da ruwa. Sauran duk sauti ne kawai a kunnena. Ta sake ni, ta ce, "Doggu."

Na faɗa cikin kara. Na san dai ta faɗi inda Dije take, kuma in maganar ta zube daga kaina babu mai sake faɗin ta. Layinmu ya cika da kalmomi, babu wuri. Sai na ɗauki hanyar gidanmu zuwa masallaci, wadda ban taɓa aje komai ba. Na yanka maganar gunduwa-gunduwa. Ta farko a bakin zaure. Ta biyu gindin dogon yaro. Wata wurin injin niƙa, wata kan kwalbati, ta ƙarshe wurin butocin alwala. Ina gudu ina faɗa. Kututturen gero na yankar mini ƙafa. Salula tana aljihuna, babu rezo, babu halin kira.

Rana ta take tsaka, na ji muryoyi gabana. Wasu mutane ne da sanduna, sun nufi hayaƙin. Na kwanta cikin kwari, fuskata a ƙasa. Sunka wuce ta kaina, ina jin takunsu. Da na tashi na bi hanyar cikin kaina, na iso injin niƙa, wayam. Babu komai wurin.  Na koma bakin zaure na sake farowa, da muryarta da yadda take jan numfashi. Karo na uku ta dawo.

Bayan azahar na fito hanyar laterit, mai jar ƙasa. Wani mai moto, wato babur, ya ga jinin, ya wuce, ya sake juyowa ya ɗauke ni. Duk hanya yana tambayata me ya faru. Illela kawai na ce mishi. Tsoro nake Hausa ta ture maganar.

A kasuwar shanu ta Illela na iske Buba riƙe da igiyar bijimi. Ko sallama ban yi ba, na zazzage mishi ita tun daga zaure har butoci. Igiya ta faɗi daga hannunshi.

"Sake!"

Na sake.

La'asar ta wuce lokacin da motar jandarma ta kai mu. Ruga ta zama toka. Buba bai dubi bukkoki ba, ya zura ƙorama da gudu, muna bin shi. Akwai wani rami ƙarƙashin gaɓa inda suke tonon ruwa da rani, itacen geza ya rufe bakinshi. Ko ka taka wurin ba ka gane shi. Ya yi kira. Dije tana ciki, taɓo har ƙugu, jariri ga nono, jini na zubar mata tun hantsi. Inna ta ce mata kada ta fito sai ta ji muryar mijinta. Jandarma sunka wuce da ita gidan likita, su biyun da rai.

Kafin magariba munka rufe mutum huɗu. Bappa Sambo, da mata biyu da wuta ta rutsa da su, da Inna Hajjo.

Daga baya Buba ya zaunar da ni ya fassara mini maganar guntu-guntu, har kan kwalbati. Nan ya tsaya. Na ce, ta ƙarshen fa? Ya ce wannan tashi ce shi kaɗai. Ban sake tambaya ba, ban kai ta wurin kowa ba. Har yau tana bakina, kuma ban san abin da ta ce ba.